Kafin Jirgin Maraɗi Ya Ratsa Daura: Martani Kan Taƙaita Lissafi

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda ga dukkan alamu ya san aikin injiniya kuma yana kishin Daura, ya yi rubutu kwanakin baya a kan abin da ya kamata a koyar a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin. Matsayinsa shi ne yaranmu ba su bukatar dogon lissafi. A ganinsa, kowace na'ura ana iya dunƙule halinta cikin ɗan gajeren lissafi, kuma hanya ɗaya ce ta gane ko gajeren lissafin yana da kyau: a gwada shi da abin da aka auna a fili, in alƙaluman sun zo kusa da juna, magana ta ƙare. Darussan da ke koyar da yadda ake tabbatar da cewa tsari zai koma ya natsu bayan an girgiza shi kuwa, ya ɗauke su kayan ƙawa na masu neman digiri na uku, ya ce a bar wa kwamfuta.

Malam, rabin farko na maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Babu injiniyan da ya taɓa gina wani abu da cikakken lissafinsa. Taragon jirgin ƙasa guda ɗaya, in aka ce sai an bi kowane sifirin da kowace ƙusa da yadda gangar jikinsa ke lanƙwasa in ya sha kaya, jumlolin lissafin sai su kai dubun dubata. Mutum ba ya yanke shawara da irin wannan tuli, ƙaramar kwamfutar da ke cikin inji kuma, wadda dole ta ba da umarni sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ba ta da lokacin warware shi. Ragewa wajibi ce. Na yarda da kai har cewa ɗalibin da bai iya rage lissafi ba, bai gama fahimtar na'urar ba. Na kuma gane abin da ya tunzura ka, domin dukkanmu mun gaji da masu takardar shaida da ba su iya riƙe sifana ba.

Inda muka raba hanya shi ne ma'aunin da ka kawo. Dacewa da awo ba ta isa ba, kuma a aikin da ake ɗaukar rayukan mutane, dogaro da ita kaɗai ganganci ne.

Ka ajiye ƙwarya a ƙasa ka jefa ƙwallon goriba a ciki. In ka taɓa shi zai yi ta kai-komo, ya dawo gindi ya tsaya. Ka kife ƙwaryar ka ɗora shi a ƙololuwarta, nan ma zai iya zama, muddin babu abin da ya taɓa shi. Mai awon da ya zo a lokacin da kowannensu ke zaune, abu ɗaya zai rubuta: yana nan, bai motsa ba. Bambancin da ke tsakaninsu sai bayan an taɓa yake bayyana, kuma shi ne abin da nake kira natsuwa a wannan rubutu. Ma'auninka yana auna zama. Abin da ke kashe mutane kuwa a bayan taɓawa yake.

Ga misalin da ɗalibin ajin farko zai iya bi da biro da takarda. A ce akwai tankuna uku a jere a gidan ruwa, na farko yana zuba wa na biyu, na biyu yana zuba wa na uku, kowanne yana da nauyin jiki na kamar minti ɗaya kafin ya biyo canjin da ya same shi. Mai son taƙaitawa zai ce a ɗauke su tanki ɗaya mai nauyin jikin minti uku. To, a ƙara buɗe famfon shiga, a auna abin da ke fita. Bayan minti uku, tankunan gaske sun kai kashi 58 cikin 100 na ƙarin da aka yi, gajeren lissafi ya ce 63. Bayan minti goma, na gaske sun haura 99, gajeren ya ce 96. A ƙarshe duka biyun wuri ɗaya suke tsayawa. Da ma'auninka, Malam, wannan ya ci jarrabawa.

Yanzu a sa na'urar da ke murza famfon da kanta. Tana duba ruwan da ke fita daga tanki na uku, in ya gaza abin da ake so ta ƙara buɗewa, in ya zarce ta rage, kuma ƙarfin gyaran da take yi ninki ne na kuskuren da ta gani. Gajeren lissafin zai gaya maka cewa duk yadda ka ɗaga wannan ninki, ko ɗari ne, tsarin zai natsu, sai ma ya ƙara hanzari. Tankunan gaske kuwa suna da iyaka, kuma iyakar takwas ce. A ninki takwas ruwan zai kama hawa da sauka, zagaye ɗaya cikin minti uku da rabi da 'yan daƙiƙu, ba ya lafawa. In aka wuce takwas, kowane hawa sai ya fi na baya, har tanki ya yi ambaliya ko famfo ya kai ƙarshen buɗewarsa. Ina aka yi ɓarin? A minti na farko. A nan tankunan gaske kashi 8 kacal suka motsa, gajeren lissafi ya ce 28. Wannan ɗan nawa na farko shi ke sa na'urar ta riƙa gyara kuskuren da ya riga ya wuce, gyaranta ya iso a lokacin da akasinsa ake bukata. Wanda ya tara alƙaluman awa guda ya fitar da matsakaicin kuskure, minti ɗayan nan nitsewa zai yi a cikinsu, ba zai ko gan shi ba.

Takwas ɗin nan kuma ba kwamfuta ce ta fito da ita ba. In ka rubuta jumlar tankunan uku, lambobi huɗu ne ke fitowa: ɗaya, uku, uku, sai ɗaya da aka tara da ninkin. Akwai ƙa'idar da ta ce biyun tsakiya in an ninka su da juna, dole su fi biyun gefe. Uku sau uku tara, don haka ninkin ba zai kai takwas ba. Layi biyu ne a takarda. Wannan ne darasin da kake so a cire.

Ka kira shi kayan ƙawa, amma tarihinsa a cikin maiƙo da tururi ya fara. Injunan masana'antun Ingila na ƙarni na 19 suna da na'urar daidaita gudu, wadda wani lokaci maimakon ta daidaita sai ta sa injin ya riƙa zabura yana lafawa. Wannan ne ya sa James Clerk Maxwell ya yi rubutunsa a kan irin waɗannan na'urori a 1868, inda ya fitar da sharaɗin da muka yi amfani da shi a tankunan nan. Edward Routh ya faɗaɗa shi zuwa kowane tsawon jumla a 1877. A Zurich, injiniya Aurel Stodola yana fama da daidaita injunan wutar ruwa, shi ya kai kukansa wurin masanin lissafi Adolf Hurwitz, wanda ya buga tasa amsar a 1895. Aleksandr Lyapunov na Rasha, a 1892, ya zo da abin da ya fi duka zurfi: in ka samo wani ma'auni mai kama da ƙarfin da ke dunƙule cikin tsari, ka nuna cewa kullum raguwa yake yi, ka tabbatar da natsuwa ko da ba ka warware jumlolin ba. Masu aikin hannu ne suka roƙi wannan ilimi, domin injunansu sun ƙi zama lafiya.

Bari in zo kan abin da ya shafi Daura kai tsaye. An aza harsashin Jami'ar Sufuri a Disambar 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina ta. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, kuma zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne, saɓanin tsohon dogo mai 1,067 da ya iso Kano a 1911. An yi shi ne don gudun da tsohon layin bai taɓa sani ba. Yaran da ke zaune a azuzuwan jami'ar nan su ne za su gaji kula da shi, kuma a harkar jirgin ƙasa akwai labarin da ya dace da gardamarmu kamar don ita aka yi shi.

Fuskar tayar jirgin ƙasa tana da ɗan gangare: wajen ciki ya fi wajen waje kauri. Tayoyi biyu kuma a manne suke da sandar ƙarfe guda, tare suke juyawa. In suka ɗan gusa dama, tayar dama za ta birgima a kan kaurinta, ta hagu a kan siririn gefenta, sai ta dama ta fi cin ƙasa, su karkato hagu. Da wannan dabara jirgi ke shan kwana ba tare da sitiyari ba. Sai dai in sun karkato ba sa tsayawa a tsakiya, sukan zarce, sannan su sake dawowa. Haka suke tafiya suna rangaji. Wani Bajamushe mai suna Klingel ya fitar da gajeren lissafin wannan rangaji a 1883, kuma lissafi ne mai kyan gaske, da abubuwa uku kawai: girman taya, tazarar dogo, da gangaren fuskar taya. In rabin faɗin taya santimita 46 ne, tazarar inda tayoyin ke taɓa ƙarfe kusan mita ɗaya da rabi, gangaren kuma ɗaya cikin ashirin, za a sami zagayen rangaji ɗaya a kowace mita 16 da rabi. Ka gangara da tayoyi a hankali a kan dogo ka auna, za ka ga abin da Klingel ya faɗa.

Ga shi ya dace da awo, ga shi gajere, ga shi kowa zai iya haddace shi. Amma a cikin lissafin Klingel babu gudu, babu nauyi. Rangajinsa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ko jirgi na tafiyar kilomita 10 a awa ko 200. A zahiri kuwa kowane tarago yana da gudun da in yana ƙasa da shi rangajin yakan mutu da kansa, in ya haura shi rangajin ya riƙa girma har leɓen taya ya kama dukan ƙarfen dogo hagu da dama. Tambayar da direba da fasinja ke bukatar amsarta, wato nawa ne wannan gudu, ita ce aka jefar wajen taƙaitawa. Sai a 1916 Frederick Carter na Ingila ya shigar da ɗan zamewar da ke tsakanin taya da ƙarfe cikin lissafin, daga baya kuma ya ɗauko ƙa'idar Routh ya nuna yadda ake gano iyakar. Ko bayan haka an daɗe ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. A watan Maris na 1955 Faransawa suka kafa tarihin gudun kilomita 331 a awa a kudu da Bordeaux, amma rangajin da jirgin ya yi ya bar dogon a karkace a bayansa. Waɗanda suka warware matsalar daga baya, Tadashi Matsudaira a Japan da Alan Wickens a Derby ta Ingila, dukansu daga aikin jirgin sama suka fito, inda suka saba da karkarwar fukafuki, kuma suka zo da wannan lissafin natsuwa da kake rainawa. Aikin Matsudaira yana cikin abin da ya sa jirgin Shinkansen ya iya fara gudu lafiya a 1964.

Akwai abubuwa a cikin wannan da suka fi tsananta a ƙasarmu. Taya tana cinyewa, kuma yashi da ƙura, waɗanda ba baƙi ba ne daga Sandamu zuwa Mai'aduwa da Zango da Baure, suna ƙara saurin cin ƙarfe. In fuskar taya ta rarake har gangarenta ya ninka huɗu, tsawon zagayen rangaji zai koma rabi, kusan mita 8. A gudun kilomita 120, rangajin da yake sau biyu a daƙiƙa ya koma sau huɗu, iyakar gudun da ke da aminci kuma ta sauko. Shokozoba ta gaji, iyakar ta sake saukowa. Taragon da ya kai hatsi ko dabbobi ya dawo wayam ya fi mai kaya saurin kama rangaji. Duk awon da aka yi ranar karɓar aiki, da sabuwar taya a kan sabon dogo, bai ce komai a kan waɗannan ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɓoyewa. Masu bincike irin su Hans True na Denmark sun nuna cewa sau da yawa iyakar biyu ce, ta sama da ta ƙasa. Tsakaninsu tarago zai iya tafiya lami lafiya na tsawon kilomitoci, har sai ya taka wani ɗan tudu ko mahaɗar dogo da ta ba shi bugu mai ƙarfi, sai ya kama rangaji ya ƙi saki, kuma ba zai saki ba sai an rage gudu zuwa ƙasa da iyaka ta ƙasa. Lissafin da ya ɗauki komai a miƙe, iyaka ta sama kaɗai yake gani. Gwaji a kan shafaffen layi shi ma ita zai nuna. Lissafi da awo za su yarda da juna, su biyun kuma sun ɓata.

Za ka iya cewa ai wannan duk tsohon labari ne, yanzu akwai kwamfuta. To mu duba zamanin kwamfuta. Ranar 10 ga Agustan 1996 wutar yammacin Amurka ta tsinke, masu amfani da ita kimanin miliyan bakwai da rabi suka shiga duhu. Kafin tsinkewar, wutar da ke kan manyan layukan da suka haɗa arewa da Kalifoniya ta kama lilo, kusan zagaye ɗaya a kowace daƙiƙa huɗu, yana ƙaruwa. Bayan abin ya faru, injiniyoyin hukumar wuta ta Bonneville suka ɗauki samfurin lissafin da ake tsara aikin layukan da shi, suka zuba masa duk abin da ya auku a ranar, bi da bi. Samfurin ya ce lafiya lau, babu lilon da ke girma. Kosterev da Taylor da Mittelstadt sun buga wannan sakamako a 1999, suka nuna sai da aka gyara yadda samfurin ke wakiltar na'urorin sarrafa injuna da halin masu shan wutar kafin ya yarda da abin da ya riga ya faru. Samfurin nan ya yi shekaru ana aiki da shi a ranakun da babu tashin hankali. Kwamfutocinsu kuma ba ƙanana ba ne. Abin da aka zuba musu shi suka dafa.

Ba na cewa faɗuwar babban layin wutar Nijeriya, wanda ya faɗi fiye da sau goma a 2024, laifin lissafi ne. Akwai ɓarnar turaku, da ƙarancin iskar gas, da tsufan kayan aiki. Amma duk wanda zai yi nazarin layin da ya tashi daga Katsina ya shiga Gazawa da Maraɗi, ko ya tsara yadda gonar hasken rana za ta shiga layin kamfanin wuta na KEDCO a wajen Daura, dole ya dunƙule sauran ƙasar baki ɗaya cikin 'yan injuna kaɗan a takarda. Taƙaitawa ce wannan, kuma tambayar tana nan: lilon da ke cikin babban yana cikin ƙaramin?

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Akwai tsohuwar hanyar taƙaitawa mai sunan Bafaranshe Henri Padé, wadda aikinta shi ne ta tilasta wa ƙaramin lissafi ya dace da babban a 'yan ma'aunai na farko, daidai wa daida. Ita ce ma'auninka, Malam, aka mayar da shi ƙa'ida. An daɗe da sanin cewa tana iya karɓar tsari natsattse ta mayar maka da ƙarami marar natsuwa, wanda in ka sa shi a kwamfuta alƙalumansa za su yi ta hauhawa ba iyaka alhali na'urar gaske tana zaune lafiya. Saboda wannan aibi ne Hutton da Friedland suka fito da hanyar da ke bin jadawalin Routh a 1975. Masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ma sun sha wannan ɗaci a shekarun 1990: ƙananan samfuran wayoyin cikinta, kowanne daidai shi kaɗai, in an haɗa su sai su riƙa haifar da wutar da babu ita. Sai a 1998 hanyar PRIMA ta ba su tabbacin cewa abin da ba ya ƙirƙirar ƙarfi a zahiri, ba zai ƙirƙira a takarda ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a rubutunka. Ka sa mai karatu ya ɗauka zaɓi biyu ne kawai, ko dogon lissafin da ba ya amfani, ko gajeren da aka yi da ƙiyasi. Alhali akwai gajeren lissafi mai tafe da shaidarsa. A 1981 Bruce Moore ya kawo wata hanya mai sauƙin fahimta. Kowane motsi da ke cikin tsari a yi masa tambaya biyu: yaya sauƙin tayar da shi daga waje, kuma in ya tashi yaya ake jin sa a abin da ke fita? A sake tsara lissafin yadda amsoshin biyu za su zama lamba ɗaya ga kowane motsi, a jera lambobin daga babba zuwa ƙarami, a yanke wutsiyar. Jumlolin da ake warwarewa don samun lambobin nan sunan Lyapunov suke ɗauke da shi. A 1982 Pernebo da Silverman suka tabbatar da cewa in babban tsarin natsattse ne, ƙaramin da aka samu ta wannan hanya shi ma natsattse ne, muddin ba a yi yankan tsakanin lambobi biyu masu daidai da juna ba. A 1984 Dale Enns da Keith Glover, kowa ta tasa hanyar, suka ƙara da cewa kuskuren ba zai taɓa wuce ninki biyu na jimillar lambobin da aka yar ba. Kafin ka gwada komai, ka san mafi munin abin da zai iya faruwa. Awo yana ba ka labarin ranakun da ka auna. Wannan iyaka kuwa ta haɗa har da ranakun da ba su zo ba tukuna, matuƙar babban lissafin gaskiya ne.

Ba zan sayar maka da ita a matsayin maganin kowace cuta ba. Tana da tsada in jumlolin sun yi yawa ƙwarai. An gina ta ne don tsarin da ke tafiya a miƙe, don haka ba ta ganin iyaka ta ƙasa da na ambata a rangajin tarago. Samfurin da aka taƙaita a gudun kilomita 80 bai zama hujja a 140 ba. Kuma natsuwar ƙaramin shi kaɗai ba ta tabbatar da cewa in an ɗaura na'urar sarrafawa, na gaske zai natsu. Tankin nan guda ɗaya ai natsattse ne. Dole a ɗauki iyakar kuskuren a shiga da ita cikin tsara na'urar, a bar mata fili, abin da George Zames ya shimfiɗa ƙa'idarsa tun 1966. In kuma akwai motsin da tun asali ba ya natsuwa, komai ƙanƙantarsa a yau, ba a yar da shi. Ware shi ake yi a ajiye shi ɗungum, a rage sauran. Amma ka lura, kowane ɗaya daga cikin waɗannan gargaɗi, sai wanda ya yi darasin ne zai san da shi. Manhajar kwamfuta za ta jero maka hanyoyin taƙaitawa ka zaɓa, ka danna, ta ba ka zane mai kyau. Ba za ta tambaye ka ko taragon wayam yake ba.

Ka ce yaranmu ba su bukatar wannan. Ni kuwa ina ganin su suka fi kowa bukata. Kamfanin da ya gina layi zai miƙa aiki, wa'adin kulawarsa ya cika, ya tafi, haka kwangila take a ko'ina. Takardun da zai bari an rubuta su ne a kan kaya sababbi. Bayan shekara biyar ko goma, da tayoyin da yashi ya ci, da kayan gyaran da aka samo daga wani kamfani daban saboda na asali sun yi tsada, wani ne zai zauna a ofis ya sa hannu cewa jirgin nan zai iya gudu kaza tsakanin Kazaure da Daura. In bai iya lissafin ba, hanya uku ta rage. Ko ya bar lambar da ya gada ya yi tawakkali da rayukan mutane, ko tsoro ya sa ya rage gudu har jirgin ya koma bai fi mota ba, a yi asarar dalilin kashe kuɗin tun farko. Ta uku ita ce a aika wa masana a waje a biya da dala, a jira.

Kuma abin da nake nema a koyar bai kai girman da ka zata ba. Ƙa'idar Routh aikin mako biyu ce. Tunanin Lyapunov da hanyar Moore za su shiga zango guda ga ɗalibin da ya iya aljabara. Kayan aikin kwamfutar tafi-da-gidanka ce da manhajojin kyauta irin su Octave da Python. Babu ɗayansu da zai hana yaro shiga wurin gyara ya ɓata hannunsa da baƙin mai. A can ma zai samo alƙaluman da zai yi aiki da su. A aika shi da ma'auni ya ɗauko surar fuskar tayar da ta yi aiki, ya gina babban lissafin tarago, ya rage shi zuwa jumloli kaɗan kamar yadda kake so. Sai dai ranar da zai kare aikinsa, kada malamai su tsaya ga tambayarsa ko zanensa ya hau kan zanen awo. Su tambaye shi me ya yar, wane tabbaci gare shi cewa abin da ya yar ba shi ke riƙe da natsuwar ba, kuskurensa ba zai wuce nawa ba, kuma daga wane gudu zuwa wane gudu, da kaya ko wayam, ya yarda a yi aiki da lissafinsa. In ya amsa, a ba shi takardarsa. In bai amsa ba, a mayar da shi aji, ko da alƙalumansa sun dace da awo har zuwa ɗigo na uku.